Asarar maƙwabci da littafin da ya ƙi cika

A shekarun da na yi ina aikin binciken kuɗi a wani kamfanin ajiya da ba da rance a nan Akra, ko Ankara kamar yadda tsofaffinmu ke cewa, ƙa'idar gidan ta tilasta wa kowane reshe ya ajiye littafin asara. Duk kuɗin da ya salwanta ta hanyar kuskure ko sata ko lalacewar na'ura, sai a rubuta shi da ranarsa da dalilinsa. Wata rana na je reshen da ke hulɗa da 'yan kasuwar Nima da Mamobi, na buɗe littafin, na tarar shekara uku layi huɗu kawai aka cika: jabun takardar kuɗi sau biyu, kashiya ta ba da canjin da ya wuce ƙima sau ɗaya, sai kwamfutar da wutar lantarki ta ƙona. Manajan dattijo ne da nake girmamawa har yau. Ya ce, "Ka gani ko, ɗana? Mu nan Allah ya rufa mana asiri." Na ce, "Allah ya ƙara rufawa, Alhaji. Amma in kun yarda, ina so mu zauna mu duba abin da ya sami wasu." Sai ya tambaye ni, ba da faɗa ba, "To me ya haɗa mu da asarar wasu?"

Tambayar tana da nauyi, kuma kakanninmu da suka kafa zangunan ƙasar nan sun san amsarta tun kafin a gina banki ko ɗaya. Madugun da zai ja ayari daga Kano zuwa Salaga sayen goro ba ya dogara da abin da ya taɓa samun ayarinsa kaɗai. A kowane zango yana zama da waɗanda suka fito daga inda ya nufa, ya ji a wane mashigi ruwa ya ci jakuna, a wane daji 'yan fashi suka tare hanya, wane sarki ya ƙara kuɗin fito. Wanda ya ce shi ba a taɓa yi masa fashi ba don haka hanya lafiya take, ba a sake ba shi jagorancin dukiyar mutane. Abin da masana harkar banki ke kira bayanan asarar waje, asalinsa ke nan: labarin ayarin da ya riga ka wucewa, an rubuta shi da adadi da rana da sanadi.

Banki yana fuskantar haɗari iri-iri. Akwai na bashi, wato ka ba da rance a ƙi biya. Akwai na kasuwa, wato farashin dala ko kuɗin ruwa ya juya maka baya. Na ukun shi ne wanda muke magana a kai, haɗarin gudanar da aiki. Kwamitin da ke zama a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, wanda ke tsara wa bankunan duniya ƙa'idojin jari, ya fayyace shi a yarjejeniyarsa ta 2004 da cewa asara ce da ke fitowa daga gazawar tsarin aiki, ko mutane, ko na'urori, ko wani abu da ya faɗo daga waje. Ya kasa shi gida bakwai, tun daga zambar ma'aikacin gida da ta ɓarawon waje, har zuwa cutar da abokin ciniki, gobara da ambaliya, tsayawar na'urori, da kuskuren shigar da lissafi. Bambancinsa da sauran biyun shi ne babu ribar da ake samu don an ɗauke shi. Mai ba da rance yana sa ran riba a kan haɗarin da ya ɗauka. Wanda ya bar makullin taska a hannun mutum ɗaya ba ya jiran komai sai ranar baƙin ciki.

Wannan haɗari yana da wata ɗabi'a da ke yaudarar mai lissafi. Ƙananan asarori suna zuwa kullum, kamar yoyon tulu, kuma littafin gida yana kama su. Babbar asara, wadda ke rufe ƙofar kamfani, tana iya yin shekara talatin ba ta leƙo ba, ranar da ta zo kuma ba ta barin wanda zai rubuta ta. Bankin Barings na Ingila ya haura shekara 230 yana aiki kafin Nick Leeson, ma'aikacinsa a Singafo, ya jawo masa asarar fam miliyan 827 a 1995. Aka sayar da bankin ga kamfanin ING a kan fam ɗaya. Da an buɗe littafin asarar Barings a 1991, ba abin da zai nuna cewa ga abin da ke tafe. Shi ya sa yarjejeniyar 2004 ta ce duk babban bankin da ke son ya auna jarin kariyarsa da kansa, dole ya tanadi abin da zai jure irin asarar da ke zuwa sau ɗaya a shekara dubu, alhali bayanan gidan da ake nema daga gare shi na shekara biyar ne. Shekara biyar ba ta ba da labarin dubu. Sai aka ce ya haɗa da bayanan asarar wasu, da zaman tunanin "da a ce", da duba yanayin tsaron gidansa.

Hanya biyu ake samun waɗannan bayanai. Ta farko ita ce abin da ya fito fili: hukuncin kotu, tarar da hukuma ta ci wani banki, rahoton jarida. Akwai kamfanonin da sana'arsu tattara irin wannan su sayar. Ta biyu ita ce ta adashi, in ka zuba ka ɗauka. A 2002 wasu manyan bankuna suka kafa ƙungiyar ORX mai mazauni a Janiba. Kowane mamba yana kai rahoton duk asarar da ta kai yuro 20,000 ko fiye, a cire sunansa, a haɗa da na sauran, a mayar wa kowa da jimillar. Bankunan Italiya ma suna da irin wannan rumbu na ƙasarsu mai suna DIPO. Ta farkon tana ba ka labari da sunaye da yadda abin ya faru dalla-dalla, amma abin da ya yi ƙara kawai take ji. Ta biyun tana ba ka adadi mai yawa, har da asarorin da ba wanda ya ji su a waje, amma labarin a taƙaice yake don kada a gane mai shi.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne ɗaukar adadin wani su liƙa a lissafinsu kai tsaye. Asarar da ta shiga jarida ba samfurin dukan asarori ba ce, samfurin waɗanda suka fi ƙarfin ɓoyewa ce. In ka zuba su cikin lissafinka ba tacewa, za ka ga kamar kowace asara dutse ce. Sai kuma batun girma. Bankin da ke juya dala biliyan dubu ba tsaran bankin karkara ba ne, amma kuma ba a raba asararsa da girmansa a ce ga rabonka. Masu binciken da suka gwada sun tarar girman asara ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da girman banki, don ɓarawon da ya sami ƙofa a buɗe abin da ya tarar yake kwashewa, kuma a ƙaramin gida abin da ya tarar ɗin yana iya zama duk abin da ke akwai. Ga mu nan Gana kuma akwai matsalar kuɗinmu. Lokacin da aka sauya sidi a Yulin 2007, aka cire sifili huɗu, sidi ɗaya ya kusa daidai da dala ɗaya. A 2022 dala ta haura sidi 10. Har yau akwai iyayenmu mata a kasuwa da ke kiran sidi ɗari "miliyan ɗaya". Wanda ya jera asarar 2008 da ta 2023 a layi ɗaya ba tare da ya daidaita darajar kuɗin ba, ya haɗa awo biyu da mudu daban-daban. Kuma iyakar yuro 20,000 da manyan bankuna ke fara ƙirga da ita ta fi ƙarfin yawancin asarorin da ke kashe ƙaramin kamfanin rance a Ashaiman ko Aboabo. Abin da ke cin mu, su a wajensu bai kai a rubuta ba.

Saboda irin waɗannan matsaloli, da kuma yadda bankuna masu kama da juna ke fito da lissafin jari mabambanta ƙwarai, kwamitin Basel ya soke waccan hanya ta auna kai a Disambar 2017. Sabon tsarin ya dogara da girman harkar banki da asarar gidansa ta shekara goma. Wasu sun ɗauka an sallami bayanan waje ke nan. Ni a ganina an mayar da su inda suka fi amfani ne. Ba a taɓa samun albarkarsu a cikin na'urar lissafi kamar yadda ake samu a teburin da mutane suka zauna suna tambayar juna, "Wannan abin, zai iya faruwa a nan?"

Misalin da ya fi taɓa ni na ɗan ƙasarmu ne. Kweku Adoboli, haifaffen Gana, yana aiki a reshen bankin UBS na Landan lokacin da aka kama shi a Satumbar 2011 kan asarar dala biliyan 2.3. A Nuwambar 2012 kotu ta ɗaure shi shekara bakwai kan laifin zamba, ta kuma wanke shi daga tuhumar ƙaryar lissafi. A 2018 aka mayar da shi Gana. Shi ya dage cewa ba aljihunsa ya sa kuɗin ba, riba yake nema wa banki. Ba shari'arsa nake son sake yi ba. Abin da ke gabana shi ne abin da ya faru shekara uku kafin nan. A Janairun 2008 bankin Société Générale na Faransa ya bayyana asarar yuro biliyan 4.9 ta hannun Jérôme Kerviel. Dukansu biyu a irin sashe ɗaya na banki suke ciniki. Dukansu sun fara aiki ne a sashen da ke tantance cinikin wasu kafin a ɗaga su zuwa masu yin cinikin, don haka sun san inda mai gadi ke dubawa da inda ba ya dubawa. Dukansu sun shigar da cinikin ƙarya don ya rufe na gaskiyar da ya wuce iyakar da aka ba su. Binciken bankin Faransan ya nuna ƙararrawar gargaɗi ta kaɗa fiye da sau 70, ana tambayarsa, yana ba da amsa, ana karɓa. Duk wannan an buga shi, duniya ta karanta. Babu babban bankin da bai da labarin Kerviel a rumbunsa a 2009. Samun labarin bai hana komai ba, don ba a juya shi ya zama tambaya a kan teburin gida ba. Hukumar kula da harkar kuɗi ta Birtaniya ta ci UBS tarar fam miliyan 29.7 saboda raunin sa ido.

Da na kawo wa Alhaji wannan labari, dariya ya fara yi, ya ce mu da ko dala dubu ɗari ba ma gani a wata. Na ce mu ajiye biliyoyin gefe, mu ɗauki ƙashin labarin. Leeson shi ke ciniki, shi ke tantance cinikin kansa. A nan wa ke karɓar kuɗi kuma shi ke rubuta cewa an karɓa? Amsar tana bakin ƙofa: masu zagayen karɓar adashi, waɗanda a nan ake kira susu. Yaro ya fita da safe da kati, ya bi masu waake da masu koko da mahauta, ya karɓi sidi ashirin nan, hamsin can, ya sa hannu a katin mai ajiya, ya dawo ya faɗi abin da ya tara. Kerviel da ƙyar ya ɗauki hutu a 2007, don wanda ke riƙe da ɓoyayyen rami ba ya son wani ya zauna a kujerarsa. A nan wa ya daɗe bai je hutu ba? Aka duba, aka sami wanda ya yi shekara biyu yana bin layi ɗaya, ana yabonsa da ƙwazo. Muka ba shi hutun mako biyu, muka tura wani ya bi layin da umarnin ya gwada katin kowace mai ajiya da abin da ke kwamfuta. An sami giɓi. Ba mai yawa ba ne, bai kai a ce reshe ya girgiza ba, amma wata tara yana tafiya yana girma.

Abin da ya biyo baya shi ya koya mini dalilin da littafin ya ƙi cika. Kawun yaron ya zo da limamin unguwarsu, aka zauna, dangi suka yi alkawarin biya kashi uku, yaron ya ajiye aiki da kansa. Na ce a rubuta a littafin asara. Alhaji ya ce, "Ɗana, an biya ai. Me za a rubuta? Ka bar yaron nan da mutuncinsa, yana da aure a gaba." Na fahimce shi, kuma ba na ganin rufin asiri abin banza ne. Da shi zango ke zaune lafiya. Amma sakamakonsa shi ne reshen da ke Madina bai ji ba, kamfanin da ke tsallaken titi bai ji ba, kuma dabarar da yaron ya bi tana nan tana jiran wani. Rahoton zamba da Babban Bankin Gana ke fitarwa duk shekara ya sha nuna cewa danne kuɗin masu ajiya na cikin laifukan da suka fi yawa, musamman a bankunan karkara, kuma da hannun ma'aikata a ciki. Wannan rahoto shi ne bayanan waje mafi kusa da mu, kuma ina roƙon duk mai riƙe da amanar kuɗin mutane ya karanta shi. Sai dai abin da aka kai wa hukuma kawai ya ƙunsa, kuma jimilla yake bayarwa. Ba ya gaya maka ta wace ƙofa aka shiga.

Akwai wata ɓoyayyar hanya kuma da asarar aiki ke ɓacewa, wato ta sa rigar bashi. An ba da rance a kan takardar fili ta jabu, ko jami'in rance ya ƙirƙiro ƙungiyar mata da babu su, kuɗin bai dawo ba, sai a rubuta shi cikin bashin da ya lalace. Wanda ya karanta bayanan da Babban Banki ya bayar lokacin tsabtace harkar banki zai ga wannan a fili. A Agustan 2017 aka soke lasisin UT Bank da Capital Bank. A Agustan 2018 aka haɗe bankuna biyar aka kafa Consolidated Bank Ghana. A ƙarshen Mayun 2019 aka soke lasisin ƙananan kamfanonin rance 347, a Agusta kuma kamfanonin ajiya da rance da makamantansu 23. A takarda, yawanci jari ne ya kare saboda bashi. A ƙarƙashi kuwa akwai rance ga 'yan gida da kamfanonin masu banki ba bisa ƙa'ida ba, da rahoton ƙarya ga hukuma, da jarin da aka nuna alhali babu shi. Mutanenmu da yawa kuɗinsu ya maƙale a lokacin, har da na aikin hajji da na sadaki. Waɗannan bayanai suna nan a rubuce, da harshen da ya shafe mu, da girman da ya yi daidai da namu. Ban ga gidajen kuɗi da yawa da suka zauna suka bi su layi-layi suna auna kansu ba.

Ba zamba kaɗai ba. A Fabrairun 2016 ɓarayin intanet suka shiga na'urorin Babban Bankin Bangaladash, suka aika umarnin biya ta hanyar SWIFT, tsarin da bankunan duniya ke aika wa juna saƙon biyan kuɗi, zuwa asusunsa da ke New York, dala miliyan 81 suka tafi Filifin. Sun so kwashe kusan biliyan ɗaya. Abin lura shi ne lokacin da suka zaɓa: daren Alhamis, Juma'a hutu ce a Bangaladash, Asabar da Lahadi hutu a Amurka, Litinin hutun sabuwar shekarar Sin a Filifin. Darasin ya shafi duk wanda ke rufe ofis ranar jajibirin salla ya bar ƙaramin ma'aikaci ɗaya da waya. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, Gana da maƙwabtanta suka wayi gari hulɗar banki da ta momo, wato aika kuɗi ta wayar hannu, na tangal-tangal. Kamfanoni da yawa suna da layin intanet biyu don ko-ta-kwana, sai ranar suka gane duka biyun ta teku ɗaya suke bi. Ambaliya da gobarar 3 ga Yunin 2015 a Circle da ke nan Akra, da gobarar kasuwar Kantamanto a farkon Janairun 2025, su ma bayanai ne. Kamfanin da reshensa da takardunsa da rabin masu bashinsa duk suna cikin kasuwa ɗaya, wuta ɗaya ce za ta ci ukun. Wanda ke Kejetia ko Alabar a Kumasi ba ya bukatar sai ta kai kansa kafin ya tambayi inda kwafin bayanansa ke kwana. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, amma sai ka san ta wane gefe wutar ta kama nasa.

Abin da nake ganin ya rage mana shi ne rumbu namu na gida, na ƙananan gidajen kuɗi, wanda iyakarsa za ta sauko daidai da asararmu. Bankunan karkara suna da uwa ɗaya, ARB Apex Bank, kamfanonin ajiya da rance da masu susu kuma kowanne yana da ƙungiyarsa, don haka wurin da za a ajiye shi ba shi ne matsala ba. Matsalar amana ce. Manaja ba zai kai rahoton abin kunyarsa ba in yana tsoron gobe hukuma za ta zo da sanda, ko abokin gasa ya yaɗa a kasuwa masu ajiya su yi layin cire kuɗi. Dole a cire sunan kamfani da na ma'aikaci, a raba rumbun da sashen hukunci, kuma wanda bai zuba ba kada ya ɗauka. A nan ne rufin asirin Alhaji da bukatata za su iya zama a tabarma ɗaya: yaron ya tsira da mutuncinsa, dabarar kuma ta tonu.

Masu shagon momo a unguwanninmu sun riga manyan a wannan. A ƙungiyoyinsu na WhatsApp, da zarar an damfari ɗaya da saƙon ƙarya na shigar kuɗi, ko da kiran wanda ya ce daga ofishin kamfani yake, kafin la'asar sauran sun ji yadda aka yi, da kalmomin da ɗan damfarar ya faɗa. Abin da suka rasa shi ne ajiya, don bayan wata biyu saƙon ya nutse, sabon yaron shago bai taɓa ganinsa ba. Takarda ɗaya za ta wadatar: ranar da abin ya fara, ranar da aka gano, nawa ya tafi, nawa ya dawo, wace ƙofa ce ta kasance a buɗe, da wanda ya fara lura. A ƙara da layi ɗaya na abin da ya kusa faruwa Allah ya kiyaye, don shi ma labari ne cikakke kuma ba a biya kuɗinsa ba. Tazarar da ke tsakanin ranar farko da ta biyu ita na fi dubawa a duk rahoton da ya zo hannuna. A reshen Alhaji wata tara ce, kuma wadda ta fara lura wata mai sayar da koko ce da ta taɓa cewa lissafin katinta bai yi daidai ba, aka ce mata ta dawo gobe.